Farar Shadda a Garin Jan Ganye

Ni wando na je saya a Guangzhou, ba mata na je nema ba. Da wannan nake fara wa duk wanda ya tambaye ni, domin mutanenmu da sun ji an ce ɗan Kano ya so 'yar Chana sai su ce takardar zama yake nema. Wandon jins na je ɗauko wa wani maigidana na Kantin Kwari, a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da baƙar fata ba mu da yawa a garin, har yara kan biyo mutum su shafa hannunsa su duba tafinsu ko baƙin ya goge.

Zuwan farko aka yi min sakiyar da ba ruwa. A Xintang, garin da ake ɗinka jins, na zaɓi kaya da hannuna, aka ɗaure dila ina kallo. Da kaya suka isa Kano, saman dila ne kawai irin wanda na zaɓa. Ƙasan duk tarkace ne, wani ba zif, wani ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Maigida ya kira ni a waya sau ɗaya, ya faɗi abin da zai faɗa, bai ƙara nemana ba. Komawa gida ta gagare ni, kuma kunya ce ta fi rashin kuɗin jirgi yawa. Na zauna a unguwar Sanyuanli ina kai sababbin zuwa kanti ana ba ni la'ada, bizata ta ƙare ina ji ina gani.

Ɗaki ɗaya muke da Mumuni, mutumin zangon Kumasi, wanda aikinsa tura wa 'yan kasuwa kaya gida ta jirgin ruwa. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai duniya ba abin da bai sani ba, ko da yau ya fara jin sunansa.

A layin da nake yawan kai mutane akwai wata yarinya mai jiran kantin kawunta. Sunanta Meilan, 'yan Kano suka mayar da ita Mairo, ita kuma ta amsa. Ranar da na fara lura da ita na tsuguna a bayan kantin ina alwala da ruwan famfo, sanyi na neman tsinke min yatsu. Sai ta fito da fulas, ta tsiyaya min ruwan zafi a gorar robar da nake riƙe da ita, ta koma ciki. Tun da na sauka a ƙasar ba wanda ya taɓa ba ni wani abu bai miƙo min kalkuleta ba. Daga nan ita ce mai nuna min abincin da ba alade a cikinsa, ita ce mai ce min kada in sayi kaya wajen wane. Muna magana da guntun Turancinta da guntun Chanancina, sauran mu cike da hannu. A haka har muka kai ga maganar aure, har ta ce in koya mata salla. A garin nan kaf, ita kaɗai ce dalilin da nake tashi da safe.

Da sanyi ya fara shigowa aka aiko mata kakarta ba lafiya. Ta tafi ƙauyensu, can cikin duwatsun arewacin birnin, ta bar ni da kawun nata, wanda kullum na leƙa sai ya ɗaga min hannu ya ce, "Meyo," wato babu. Sai wata rana ya yafito ni ya miƙo min kan waya. Muryarta ce.

"Babana ya ce ba zan koma birni ba," in ji ta. "Ya ce ya ji ina kula wani baƙo. In bai gan ka da idonsa ba, shi ke nan."

"To in zo in gaishe shi."

"Kada ka ce wajena ka zo, ba zai buɗe ƙofa ba. Ka ce kallon ganye ka zo."

Na ɗauka ban fahimce ta ba, sai da ta maimaita. Ashe a duwatsunsu, idan sanyi ya kankama, ganyen itatuwa kan rine ya koma ja da rawaya, mutanen birni su yi takakkiya su je kallo. Kuma al'adar ƙauyen ba a hana mai kallon ganye shayi. In na samu na zauna na sha shayi da tsohon, sauran ita za ta ji da shi.

Da na gaya wa Mumuni sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Da Hausarsa ta zango, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, ya ce, "Ɗan Kano, yarinyan nan ya na son ka. In ba so ba, wane zai kira mutum ya zo kallon busasshen ganye? Abin da akuya ma ba ya ci!"

Mota ba ta yiwuwa, domin a babbar hanya ana tsayar da bas a duba takardu, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Mumuni yana da wani tsohon babur da yake zirga-zirgar sito da shi. Shi ma ba lasisi gare shi ba. Muka yanke mu bi ta bayan gari, ta hanyoyin da ɗan sanda ba zai ɓata takalminsa a kai ba. Kawun Meilan ya rubuta mana sunan ƙauyen da rubutunsu a jikin yagaggen kwali, ya ce mu riƙa nuna wa mutane.

Na buɗe ƙasan jakata na fito da abin da na fi ji da shi. Farar shadda ce, riga da wando da babbar riga, wadda mahaifiyata ta kai wa masu bugu da kanta kafin in taso, ta ce in na je gaban manya kada in je kamar maraya. Ban taɓa sa ta a Chana ba. Na kuma nemi yadi goma na farar shadda wajen wani ɗan Nijar, tsarabar tsohuwa marar lafiya. A tarbiyyar da aka yi min, ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana, kuma ba a zuwa da datti.

Mun fita bayan sallar asuba, ni ke tuƙi, Mumuni na baya rungume da jaka. Da farko masana'antu ne da hayaƙi da manyan motoci masu neman tura mu kwata. Sai gidaje suka fara raguwa, muka shiga gonakin ayaba da tafkunan kifi, kwalta ta ƙare, burji ya karɓe mu. Na tuƙa babur a kan yashi a gida, amma tsakuwar can daban ce. Manya ce, masu kaifi, ba a danne ta ba, tayar gaba sai rawa take yi a hannuna. In ka taka birki ta kwashe ka, in ka ƙara wuta ta kwashe ka. Mumuni kuwa yana baya yana ba ni darasin tuƙi, shi da ko keke sai da ya girma ya koya.

A wani ƙaramin gari muka sayi mai a kwalba wajen wani mutum mai fara'a, har da ce mana "lawban", wato maigida. Ba mu yi nisa ba babur ya fara tari, ya mutu. Rabin man kananzir ne. Muka tura shi a kan hawa, muna zufa cikin sanyi, na kwance fulogi na goge da gefen rigata, na hura, na mayar. Ya tashi da ƙyar, yana tafe yana harbi. Na ce wa Mumuni ƙasar nan ko gaisuwa aka yi maka sai ka duba aljihunka.

Ban rufe baki ba muka sha ƙasa. Wata kwana ce a kan gangara, tsakuwa ta zame, sai ga mu a kwance babur na kanmu. Gwiwata ta daku, tafin hannuna ya sale, salansa ta ƙona Mumuni a ƙauri. Abin da na fara dubawa jaka ce, na ga shadda ba abin da ya same ta, na ce alhamdu lillahi. Wata tsohuwa da ke tsintar itace a gefen hanya ta tsaya tana kallonmu baki buɗe. Na zaci gudu za ta yi. Sai ta sauke kayanta, ta tsinko wani ganye ta tauna, ta kama hannuna ta manna min a ciwon, tana ta faɗa da yarenta kamar yadda uwa ke yi wa ɗan da ya faɗo daga katanga. Ta ciro dafaffen dankali daga cikin zanenta ta raba mana. Na nuna mata kwalin, ta nuna mana hanya da haɓa. Na ce mata shiye-shiye, wato na gode, ya fi a ƙirga, kuma na ji kunyar maganar da na yi ɗazu.

Daga nan hawa ne kawai. Hanyar ta tsuke, dutse a dama, rami a hagu, iska mai sanyi na shiga ta hannun riga. Muna shan wata kwana sai Mumuni ya daki kafaɗata ya ce, "Tsaya! Kai, tsaya!"

Na kashe babur. Gabanmu kwari ne mai faɗi, kuma tun daga bakin ruwan da ke ƙasa har saman dutse itatuwa sun yi ja. Wani ja kamar manja, wani kamar ɓawon goro, wani rawaya, ga kore a tsakaninsu. Iska na kaɗawa ganyen na zubowa kan hanya, har ɗaya ya sauka a kan tankin mai. A wurinmu in ganye ya yi haka cewa muke itace ya bushe, a kawo tsintsiya. Ban taɓa sanin mutuwar ganye abin kallo ba ce. Mumuni da ya yi min dariya shi ne ya tsaya hannu a ƙugu, can ya ce, "Allah da iko." Ni kuwa abin da ya zo min shi ne mahaifiyata, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba, kuma ba ta san ko ina raye ba sai in wani ya je ya gaya mata. Na yi kuka sosai a wurin, Mumuni ya yi kamar yana duba taya.

Da muka hango rufin ƙauyen, muka gangara bakin wani rafi. Na wanke jini da ƙura, muka yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, sannan na warware shaddata na saka. Tana ƙara tana sheƙi, ƙamshin gida na fita daga cikinta. Na ɗauko jar dara zan ɗora, Mumuni ya riƙe min hannu.

"Kai, ka na da hankali? Gidan da mutum ya na kwance ba lafiya za ka shiga da jan hula? Wurinmu a Kumasi ja da baƙi na makoki ne. Sa fari. Fari duk duniya alheri ne."

Na ga maganarsa da ma'ana. Na mayar da darar jaka, ya ciro farar hularsa ta salla ya ba ni. Ya ja da baya ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce ko gwamna ne uban yarinyar sai ya miƙe tsaye. Rabona da in ji ni mutum ne kamar kowa tun ina gida.

Muka ajiye babur a bakin ƙauye muka shiga da ƙafa, ni a gaba, na ɗora yadin shadda a ninke a kan hannuwana biyu. Na saba da kallo a ƙasar nan, amma wannan kallon daban ne. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya nuna mu da yatsa. Wata mata ta fizgi ɗanta ta shige gida ta rufo ƙofa. Wani tsoho da ke shanya 'ya'yan itace a kan faranti ya tofar da yawu ya juya mana baya. Mumuni ya ce kwarjini ne.

Gidan su Meilan na ƙarshen layi, ƙofarsa a buɗe. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a al'adarsu in ciwon tsoho ya yi tsanani, fito da shi ake yi daga ɗaki a shimfiɗa masa a babban zauren gida, yana fuskantar ƙofa. Da na tsaya a bakin ƙofar na yi sallama, rana na bayana, wadda ta fara ganina ita ce kakar Meilan. Ƙanƙanuwa ce a cikin bargo. Ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗan gyaɗa kai kamar wadda aka kawo wa saƙon da take jira, ta juya fuskarta bango.

Uwar Meilan ce ta zabga ihu. Uban ya fito daga ciki da tsintsiya a hannu, fuskarsa ba jini, yana nuna mana hanya yana faɗin abin da ba na ji. Ni kuma don in gyara, sai na durƙusa kamar yadda ake yi wa suruki, na miƙa masa yadin. Ya buge shi da tsintsiyar, ya warware a ƙasa, fari tas, tun daga bakin ƙofa har cikin zaure. Wani ya kunna irin abin fashewar nan da muke ce wa nokawut, su nasu a jere yake kamar an shanya barkono a zare, ya jefo gabanmu. Cikin ƙara da hayaƙi na ji Mumuni na cewa, "Ka gani? Maraba su ke yi." Shi ma bai yarda da abin da yake faɗa ba.

Meilan ta fito a guje, ta ja ni ta hannun riga har bayan wata katanga. 

"Wa ya mutu?" ta ce. "Wa ya mutu da ka sa wannan?"

"Ba kowa. Kayan girmamawa ne. Don babanki na sa."

"Wannan kayan binne mutum ne. Mu fari muke sawa in za mu kai gawa. Kuma ka kawo mata farin ƙyalle a ninke." Ta rufe bakinta da hannu. "Kakata ta ce an zo tafiya da ita."

Na ce zan cire, zan koma in ba da haƙuri, ta gaya musu ban sani ba. Ta dube ni daga hula har takalmi, hawaye na zuba, ta ce, "Me ya sa ba ka zo da dattinka na kullum ba? Shi na gaya musu. Na ce musu talaka ne mai wahala, amma yana da kirki."

Ta leƙa ta katangar, ni ma na leƙa. Uwarta na yayyafa wani ruwan ganye a inda na tsaya, uban na share sawuna zuwa waje. Ta ce mu tafi yanzu, kafin 'yan'uwan babanta su taru. Ko shayin ban gani ba.

A bakin rafin na tuɓe shaddar na cusa a jaka ba ninki. Muka biyo hanyar da muka zo, ta cikin jan ganyen nan, ban ɗaga kai na dube shi ba. Mumuni bai ƙara koya min tuƙi ba. Sai da muka hau kwalta ya sa bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ɗan Kano, da ka sa jan hulan." Ashe su a wurinsu ja ne launin alheri. Na ce masa ya bari, Yaya, abin da Allah ya rubuta ne. Amma raina bai yarda ba, kuma na daɗe ba na iya cin abinci kwano ɗaya da shi.

Tsohuwar ba ta ƙara karɓar abinci ba. Ba a yi mako ba ta rasu. Kawun ne ya gaya min, ya kwatanta da hannu, sannan ya roƙe ni in daina tsayawa a ƙofar kantinsa. Azumi ya zo ya wuce, na yi salla da tsofaffin kaya. Kullum ina gaya wa kaina tsohuwa ce, da ma ciwon ajali take yi, kuma duk mai hankali ya san haka. Ina jiran ranar da Meilan za ta lallashi babanta, domin ban taɓa shakkar ita tana tare da ni ba.

Sai bayan sabuwar shekararsu ta zo birni kwashe kayanta. Na hango ta daga nesa tana ɗaure akwati a bayan keken haya, ta rame, da ɗan farin zare a gashinta na makoki. Ba ta guje ni ba. Ta tsaya har na ƙaraso.

Na ce, "Zan koma wurin babanki. Ko sau nawa ne. Ki gaya min abin da zan sa, ki gaya min abin da zan riƙe."

Ta ce, "Babana ya huce. Ya ce baƙo ne, bai sani ba. Ya ce in ina so in dawo birni, in dawo."

Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Na fara godiya ga Allah a fili, har mai keken ya juyo yana kallona. Ita kuwa ba ta yi murmushi ba.

"Ni ce ba zan iya ba," in ji ta. "Ina zaune kusa da ita ranar, ina riƙe da hannunta. Abin da ta gani a ƙofar nan ni ma shi na gani, kafin in gane kai ne. Na san ba laifinka ba ne. Na yi ta ƙoƙari in tuna fuskarka ta da, wallahi na yi." A bakina ta koyi wallahin nan. "Amma ko yanzu da kake tsaye a gabana, shi nake gani."

Na dubi jikina. Tsohuwar rigar sanyi ce da wandon jins mai maiƙon babur a gwiwa. Na rasa me zan cire.

Ta hau keken ta zauna a kan akwatinta, ta ce wa mai keken su tafi.